Akwai makoma a binciken ginin ƙasa?

Tambaya: Malam, na gama digirin farko a zanen gine-gine. Burina in yi na biyu a kan ginin ƙasa da yadda gida zai yi sanyi ba tare da na'ura ba, daga nan in koyar a jami'a. Mahaifina ya ce bai biya kuɗin karatuna don in koma kwaɓa laka ba. Hankalina ya tashi. Akwai ci gaba a wannan layi kuwa?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, akwai. Matakan kin san su: digiri na biyu, rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya, sannan digiri na uku. Ba zan ɓoye miki ba, albashin koyarwa ba ya sa mutum ya kuɗance, takardar neman tallafin bincike kuma sai ta yi wata da watanni a kan teburin wani. Baba kuwa, ki zauna da shi cikin ladabi ki ba shi labarin Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare da bulon ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, ya lashe Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Ga Mariam Issoufou 'yar Nijar, wadda ita da abokiyar aikinta suka mai da tsohon masallacin garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa. Ta kai matsayin farfesa a wata jami'a a Zurik ta ƙasar Switzerland.

Abin da ya fi damuna, wanda nake so ki shiga fagen saboda shi, shi ne shafa siminti a jikin ginin ƙasa. Kullum ina fama da wannan. Mai gida ya samu 'yan kuɗi, wani da ya koyi riƙe cokalin gini jiya ya ce masa a yi filasta gida ya yi ƙarko. Wallahi kashe bangon ake yi. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa toshe ta yake. Zafin rana ya tsaga filastar, ruwa ya shiga ta tsagar, wani ya hauro daga tushe, duk ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, ciki ya ruɓe. Ki ƙwanƙwasa, za ki ji yana amsawa kamar ganga.

Na taɓa zuwa wani gida da ɗaki ya rufta a watan Agusta. Na ɓamɓare filastar da ta rage, na tura hannu, ƙasar ta biyo yatsuna kamar kunu. Amma maƙwabta sai cewa suke ginin ƙasa ne ba shi da aminci! Magina na da suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su gyara indararo kafin damina, su sake yaɓe. Da tubali da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan da ke riƙe da rufin masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19.

In kin fara bincike, kada ki tsaya a laburare. Ki sa ma'aunin zafi a ɗakin soro da na bulo mai kwano a watan Afrilu, ki rubuta kowace awa. Ki shiga cikin gida, inda mu maza ba ma wuce zaure, ki tambayi mata inda hayaƙin murhu ke taruwa da inda yara ke kwana lokacin bazara. Sannan ki nemi tsohon magini ki bi shi har damina ta fita.