Su waye Junoon?

Tambaya: Malam don Allah na ji waƙar Sayonee a YouTube ta shige min rai, 'yan Indiya ne suka yi ta?

Amsa: A'a 'yar'uwa, 'yan Pakistan ne, sunansu Junoon, kalmar danginsu ɗaya da majanuni. Salman Ahmad ne ya kafa ƙungiyar a Lahore a 1990, shi fa likita ne amma jita ta ɗauke masa hankali, Ali Azmat ke rerawa, ga Brian O'Connell ɗan Amurka. Abin da ke burge ni wallahi yadda suke haɗa kukan jitar lantarki da ɗan gangan nan tabla su ɗora baitocin sufaye irin na Bulleh Shah, tsigar jikinka sai ta tashi. Sayonee ɗin tana cikin kundinsu Azadi na 1997.