Amsar tambayarka kan Ofis ɗin da za ka sa a sabon shago

Ɗana, na ji saƙon muryar da ka turo min jiya da dare, ban amsa ba sai yanzu saboda muna ta fama da aikin wasu 'yan konkur, masu shirin jarrabawar neman gurbi, da suka cika shago har bayan isha'i. Ka ce ka samu kwamfuta biyu tsofaffi da firinta ɗaya, za ka buɗe naka shagon buga takardu a Kuseri, kuma kana tambaya ko ka sa Ofis, wato manhajar rubutu da lissafi, na kyauta, ko ka sayi irin lambobin lasisin nan masu arha da ake tallarsu a waya, ko ka daure ka sayi na Microsoft na asali. Toh madalla, Allah ya sa albarka, shekara huɗu ka yi a hannuna nan Garwa ban taɓa kama ka da ha'inci ba, don haka zan gaya maka abin da nake yi da kaina.

Kafin maganar kuɗi, ka fara tambayar kanka wa zai buɗe takardar nan bayan ta bar hannunka. Duk hukuncin a nan yake. Mutumin da ya zo ka buga masa takardar neman aiki ko yarjejeniyar sayen fili, ya karɓi takardarsa ya biya ya tafi, shi ba ruwansa da abin da ka buga da shi, ko da dutse ka rubuta in dai ta fito tsaf. Irin wannan aikin shi ne ya fi yawa a shagonmu, ka sani, kuma LibreOffice yana yin sa ba tare da ka biya ko dala ba. Halal ne, masu shi ne suka ce kowa ya ɗauka ya yi aiki da shi har kasuwanci, wata gidauniya ce a Jamus take riƙe da shi tun da ya rabu da OpenOffice a 2010. Writer ɗinsa shi ne madadin Word, Calc madadin Excel, Impress kuma PowerPoint. Sau ɗaya za ka sauke shi ka ajiye a kile, wato filashi na USB, ka sa wa kwamfutoci biyun, ba ya neman intanet bayan nan, ba ya tashi wata rana ya ce maka lokacinsa ya ƙare. Kar dai ka ɗauko OpenOffice don ka ji sunan ya fi tsufa, an bar shi a baya sosai.

Ranar da ka sa shi ka yi abu uku kafin ka karɓi aikin kowa. Ka shiga Outils, Options, wurin Chargement/enregistrement ka canza shi ya riƙa ajiyewa a docx da xlsx, tsarin fayilolin Word da Excel, don shi da kansa odt yake ajiyewa, kuma kwastoma in ya je gida wayarsa ta ƙi buɗewa kai zai zaga. Ka sa masa Grammalecte, wani ƙari ne na kyauta mai duba nahawun Faransanci, zai rufa maka asiri wurin accord, daidaita jinsi da jam'in kalmomin nan da kake yawan mantawa. Sannan ka kunna wurin rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, tunda kai Kuseri za ka zauna, gada ce kawai tsakaninka da Njamena, kuma Cadi Larabci da Faransanci ne harsunan hukuma, za ka ga masu kawo takardar Larabci ba kaɗan ba, ga malaman Islamiyya da jarrabawarsu.

Inda ake shan wahala shi ne aikin da yake zuwa a kile ya koma a kile. Ɗalibi ya kawo memuwar, wato kundin kammala karatu, mai shafi tamanin, an rubuta a Word, malaminsa zai buɗe a Word, akwai jadawali da lambobin shafi da bayanan ƙasan shafi da teburin babi-babi. Ka tuna yarinyar nan da ta zo daga Marwa bara waccan, tana da kare memuwar ɗinta da safe, muka buɗe fayil ɗin muka ga shafi 84 ya zama 87, kan babi na uku ya sauko gindin shafi shi kaɗai, jadawalin ya rabu biyu, tana tsaye hannunta na rawa tana cewa patron wallahi ba haka yake ba a wurina. Kai ka zata kwamfutar ce ta lalace. Ba komai ba ne illa salon harafin da ta yi rubutu da shi babu shi a injinmu, sai injin ya ɗauko wani mai ɗan faɗi ya maye gurbinsa, layi ya ture layi har shafi ya ture shafi. Maganin wannan yana da sauƙi in ka sani: Carlito faɗinsa ɗaya da Calibri, Caladea ɗaya da Cambria, Liberation Serif ɗaya da Times New Roman, Liberation Sans kuma da Arial, ka tabbata suna cikin injinka. Kuma ka koya wa kwastomominka, duk wanda bugawa kawai yake so ya kawo PDF, PDF ba ya motsi ko a ina aka buɗe shi. Amma gaskiya ɗaya ce, ko ka yi duk wannan, fayil mai rikitarwa da aka gina a Word, a Word ɗin ya fi zama daidai, haka ma Excel ɗin 'yan ƙungiyoyin agaji masu makro a ciki, wato 'yan umarnin da ke aiki da kansu, Calc ba kowanne yake iya tafiyar da shi ba. In kana son irin wannan aikin, kuma shi ne mai tsoka, dole wata rana ka mallaki na asali ko da a inji ɗaya.

Shi kuma na asalin kala biyu ne. Akwai Microsoft 365 da ake biya duk wata ko duk shekara kamar kuɗin haya, ka daina biya ya daina bari ka gyara komai, kuma yana son ya leƙa intanet kusan duk wata ya tabbatar ka biya. Akwai Office 2024 da ake saye sau ɗaya na inji ɗaya, za su ci gaba da kula da shi har Oktoban 2029. Ga shago ni na biyun nake so. Sai dai ka lura, wanda aka rubuta Home kawai na amfanin gida ne, mai shago Home & Business ne nasa, dala 249.99 na Amurka, ya haura sefa dubu 130 kenan. Na san kuɗi ne, kai da ko kujerun kwastoma ba ka gama saye ba. Shi ya sa ban ce yanzu ba. Kuma kar wani ya sayar maka da 2016 ko 2019 da sunan sabo, tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina musu gyaran tsaro.

Na tsakiya kuwa, WPS na kamfanin Kingsoft na Sin yana da kyau, fuskarsa kamar Word, ba shi da nauyi, a waya ma mutane da yawa suna amfani da shi, na kyautan yana da talla kuma wasu ayyukan PDF sai ka biya. OnlyOffice ma kyauta ne a kwamfuta kuma yana riƙe docx da kyau, ka sa shi gefe, in fayil ya karkace a ɗaya ka gwada a ɗayan. Google Docs ka bar shi don karɓar aiki daga nesa, da yanayin netuwok ɗinmu da yadda wuta ke ɗaukewa a watan zafi ba zan ɗora cinikin yini a kansa ba.

Lambobin jaka biyu jaka uku da ake cewa ka tura ta Orange Money ko MoMo, da kirak, wato Ofis ɗin da aka fasa wa makulli, da masu gyara ke sawa, nan ne zan ɗaure maka fuska. Abin da ake sayarwa sama da dubu ɗari ba wanda zai ba ka shi a kuɗin cefanen yini don yana ƙaunarka, galibi lambobin wani kamfani ne ko makaranta aka sato ake rarrabawa, yau tana aiki gobe a rufe ta, mai sayarwar kuma ya canza layi. Kirak ya fi muni, don kafin a sa shi sai an kashe antibirus, ka buɗe ƙofa da hannunka kenan. Kafin ka zo wurina wani yaro mai gyara ya sa min shi a injin gaba, bayan 'yan makonni na wayi gari duk fayilolin sun canza suna ba wanda ke buɗuwa, har da lissafin adashin wasu mata 'yan kasuwa na shekara biyu da suka ba ni amana. Tsohuwar da ke shugabantarsu ba ta ɗaga murya ba, ta zauna kan bencin nan na bakin ƙofa ta ce Alhaji yanzu me zan gaya musu. Kwana tara muka yi muna sake shigar da shi daga tsofaffin littattafanta. A shagonka za a kawo maka hoton katin shaida da takardar haihuwa da takardun fili na mutane, amana ce, ba a ajiye ta a injin da ka san ƙofarsa a buɗe take.

Saura katin biki da na suna, na san da Publisher ka saba. Microsoft sun sanar za su daina shi a Oktoban 2026, kuma babu shi a cikin Office 2024, don haka tun yanzu ka fara sabawa da Draw na LibreOffice, yana buɗe tsofaffin fayilolin Publisher ɗin ma, ko da yake sai ka ɗan gyara wasu.

Toh ga abin da za ka yi: injin biyu ka sa LibreOffice da OnlyOffice ka fara aiki gobe. Ka samu gwangwani ka riƙa jefa sefa 500 kullum, cikin wata tara zuwa goma kuɗin na asali sun taru, ka sa shi a injin da ya fi ƙarfi ka ware shi don memuwar da aikin ofisoshi. Kafin shi ma ka sayi ondulo, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, wutar da ke ɗaukewa tsakiyar aiki ta fi rashin Word cin mutum. Ranar Juma'a direban da ke zuwa Marwa zai taho maka da kile, na sa komai a ciki har haruffan da na lissafa da masu ƙugiya na Hausa da Fulatanci, ka sa ƙaninka ya karɓa a tasha. Ka gaida mahaifiyarka.