Sikanin ko MRI ga jaririn da kansa ke kumbura?

'Yar'uwa, kin ce kan jaririnki ɗan wata 3 yana girma fiye da kima, an rubuta muku MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu), kina tambaya ko sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, bai wadatar ba. Sikanin ta maɗiga yana nuna taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, tunda wurin ba ya rufewa sai wajen wata 18. Amma musabbabin, toshewar siririyar hanyar ruwan ce ko nakasar Dandy-Walker a bayan ƙwaƙwalwa, MRI ke fayyace shi, kuma shi likitan tiyata ke dubawa kafin aiki. MRI ba ya amfani da hasken ekisre kamar CT, wani nau'in hoton cikin jiki. Wahalarsa ɗaya: sai yaro ya kwanta shiru kusan rabin awa, shi ya sa wani lokaci ake ba da maganin barci.