Mace-macen masu haihuwa baƙaƙen fata a Amurka lokacin korona

'Yar uwa, kin tambaya ko da gaske mata baƙaƙen fata sun fi mutuwa wajen haihuwa a Amurka lokacin korona, da abin da ƙanwarki mai tsohon ciki a can za ta kiyaye. Da gaske ne, sai dai korona tarar da matsalar ta yi, ta ƙara mata nauyi. A ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, cikin kowace haihuwa 100,000 mata baƙaƙe 44 suka rasu a 2019. A 2021 sun kai kusan 70, farare kuwa kusan 27.

Ba jikinsu ne ya fi rauni ba. Da yawansu suna aikin da ba a yi daga gida, irin kula da tsofaffi da tsaron shago. Awon ciki kuma aka mayar da wani sashensa ta waya, alhali hawan jini ba ya ganuwa ta waya. Asibitoci suka rage masu rakiya, mai naƙuda ta rasa wanda zai matsa wa likita idan an yi watsi da kukanta. Har 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin tana ruɗi: binciken Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata, kusan ninki uku. Irin wannan ne mata baƙaƙen fata masu fafutuka da suka taru a Chicago a 1994 suke nufi da adalcin haihuwa, wato mace ta haihu lafiya ta raini ɗanta lafiya.

Ƙanwarki ta sayi na'urar awon hawan jini ta hannu, ta riƙa aunawa kullum, har bayan haihuwa, domin fiye da rabin mace-macen suna faruwa ne daga mako guda zuwa shekara bayan an sauka. Idan ya kai 140/90 ta kira likita ranar. Idan ya kai 160/110, ko ciwon kai mai tsanani, ko ido yana gani dishi-dishi, ko numfashi yana sarƙewa, asibiti kai tsaye, kuma ta fara da faɗa musu ranar da ta haihu. In na'urar yatsa ta nuna lafiya amma numfashi bai daidaita ba, ta nemi a ɗebi jini a gwada oksijin ɗin da ke cikinsa.

Ta kuma binciki Medicaid ta jiharta, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. A da tana ƙarewa ne kwana 60 bayan haihuwa, amma tun Afrilun 2022 yawancin jihohi sun tsawaita ta zuwa wata 12.