Ka gaya wa yayanka tayil da POP su jira

Yaro, tambayar da ka yi mini muna kan aiki na ji ta, ba ƙin amsawa na yi ba. Ka ce yayanka ya sayi tsohon gida a unguwar Rikkos nan Jos, gidansa na farko ke nan, biki ya matso, kuɗin hannunsa ba za su ɗauki komai da komai ba, shi ne yake so ya san da wanne zai fara, tayil ko POP, wato silin ɗin ado na farar filasta. Raina ne ya ɓaci, don wani ya taɓa yi mini irin wannan tambayar, kuma abin da ya biyo baya har yau in na tuna abinci fita kaina yake yi.

Ba da ko ɗaya zai fara ba. Tsohon gida a Jos, maganar ruwa ake fara yi: ta ina yake shigowa daga sama, ta ina yake tsattsafowa daga ƙasa. Nan ba Kano ba ce, ba Sakkwato ba. A kan tudu muke, sama da mita 1,200, ruwa yakan sauka tun Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba, a Yuli da Agusta kuwa sai a wuni a kwana ana tsugawa, wata rana har da ƙanƙara. Balle Rikkos. Kana ƙarami lokacin ambaliyar Yulin 2012, da ruwa ya taso daga wajen dam ɗin Lamingo cikin dare ya ci gidaje da rayuka a Rikkos da Gangare. Kafin yayanka ya sayi ko ƙusa ɗaya, ya sami dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin ya tambaye shi inda ruwa ya tsaya a jikin gidan a shekarar.

Mutumin da nake gaya maka ma'aikaci ne, a Abuja yake aiki, amma ɗan garin nan ne. Ba zan kama sunansa ba, ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, albarkacin 'ya'yansa ya ci. Ya sayi gida ginin da, rabin bangon bulon siminti, rabi bulon ƙasa da aka lulluɓe da filasta. Aure zai yi. Aka haɗa shi da ni don an san aikina, muka je duba gida yana gaba ina biye, waya a hannunsa yana ta nuna mini hotunan wasu falo na Maitama, wai haka yake so nasa ya koma.

Ban ce masa uffan ba. Na juya cokalina na gini na bi bangon falo da ƙotar ina bubbugawa daga ƙasa. Inda filasta ta kama, ƙarar a cushe take fitowa. Inda ta saki kuwa fanko za ka ji. Daga daɓe har zuwa gwiwata fanko ne zagaye da ɗakin, fenti ya kumbura, na sa farce na kankara sai ga farin gari irin na kanwa yana zuba. Na leƙa waje na ga dalili: shekara da shekaru ana ciko a layin har tsakar gida ta fi ɗakunan tudu, ruwan rufi kuma a gindin bango yake zuba. Na sa aka kawo tsani na shiga cikin silin da tocila. Na danna yatsa a jikin tubaifo, wato katakon rufi, yatsan ya nutse, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Da na kashe tocilar sai ga hasken rana yana shigowa ta ramukan ƙusa ko ta ina.

Na sauko na gaya masa gaskiya. Na ce ranka ya daɗe, kuɗin nan naka rufi da gindin bango za su ci, kwalliya ta bari sai baɗi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, dangin amarya silin za su hau? Abin da ido zai gani nake so." Na sake yi masa bayani, na kama hannunsa na ɗora a bangon ya ji sanyin da kansa. Ya ce, "Kai dai yi abin da na sa ka. In wani abu ya faru, ni na ji na gani." A gaban kafintana da lebura ɗaya ya faɗa. Na ce to a rubuta. Ya dafa ƙirji ya ce haba, shi da yake salla a sahun gaba sai an yi takarda da shi? Mai gida ya faɗi abin da yake so a gidansa, ya ɗauki alhaki da bakinsa gaban shaidu, me ya rage wa mai aiki?

Muka yi jinga, ya ba da kafin alƙalami. Aiki ya yi nisa sai ya fara waƙar albashi bai shigo ba, ga ranar biki an sa, in taimaka in karɓo masa kaya wurin mutanena. Ka san ni a kasuwar Building Materials, ko yanzu na aika ka da sunana tayil za a loda maka ba a tambayi ko sisi ba. Shekaru na yi ina tara wannan amanar. Na karɓo tayil, na karɓo siminti, na kawo mai POP da na yarda da hannunsa. Aikin da muka yi a gidan nan, wallahi ko a Rayfield, unguwar masu kuɗi, aka kai shi ba zai ji kunya ba. Layin tayil ɗin in ka tsuguna ka hanga daga ƙofa, zare ɗaya ne har bango. Aka yi biki, 'yan kai amarya suna ta ɗaukar hoto, shi yana ta washe baki ana yi masa barka. Na je karɓar cikon kuɗina ya ce in bari ƙura ta lafa.

Ƙura ba ta lafa ba sai da Agusta ta zo. Aka kwana ana ruwa da ƙanƙara, POP ya sha ya ƙoshi, da asuba rabin na falo ya rufto a kan kujerun amarya. Allah ya tsare ba kowa a wurin. Kafin wata ya zagayo tayil ɗin gindin bango ya fara ɗagowa, sabon fenti ya yi taswira.

Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Cewa ya yi aikin banza na yi masa, na ci kuɗinsa na sa kayan jabu. Muka je gaban mai unguwa, kafintana ya maimaita maganar da aka yi kalma ba ta faɗi ba, mutumin ya dube shi ya ce yarona ne, dole ya goya mini baya. Ya rantse bai taɓa jin na ambaci rufi ba. Ya rantse, yaro! Mai unguwa ya rasa yadda zai yi, ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Shi ya bar wa Allah ya koma Abuja cikin motarsa, ni aka bari da mai tayil, da mai siminti, da mai POP, da leburori masu jiran haƙƙin guminsu. Babur ɗina na sayar, na haɗa da ragon da nake kiwo don layya, shekarar a gidana ba a yi yanka ba. Yarana suna leƙen na maƙwabta. Kuma duk wannan bai kai zafin abin da ya yi wa sunana ba, don bai bar majalisa ko ɗaya ba sai da ya kai labarin, har wani babban aiki da aka riga aka yi mini alkawari ya suɓuce. Daga baya na ji ya kira wani ya sauke rufin gaba ɗaya, abin da na ce a yi tun ranar farko. Bai zo ya ce mini yi haƙuri ba. Muna haɗuwa a wurin jana'iza ya miƙo hannu, ina karɓa don Musulunci, amma haƙƙina yana wuyansa, ban yafe ba.

To ga abin da yayanka zai yi. Rufi tukuna, kuma cikin rani, kafin ruwan Afrilu. Duk katakon da gara ta taɓa a fitar da shi, kar kafinta ya ce zai ɗaura sabo a jikin tsoho. Ya je kasuwar Katako da wanda ya san itace, a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga ba. In kwanon alminiyom zai saya, mai kaurin milimita 0.55 ya fi, in aljihu bai kai ba 0.45, kuma a auna a gabansa, don abin da ake rubutawa a rasit daban, abin da ake lodawa a mota daban. Kar in ji ya ce zai yi rufin nan na yayi da ake ɓoyewa a bayan bango. Ruwan gaba ɗaya a kwata ɗaya yake taruwa a saman gini, ranar da ganye ko ƙanƙara ta toshe bututun, cikin ɗaki zai sauka. A bar wa rufi baki ya fito sosai ya kare bango, yadda iyayenmu suka yi.

Sai ƙasa. A sauke tsakar gida ta koma ƙasa da ɗakuna, a yi daɓen siminti zagaye da ginin mai gangara zuwa waje, a fitar da kwata har titi. Filastar da ta ruɓe a sare ta har a wuce inda laimar ta tsaya, a bar bangon tsirara ya sha iskar rani ya bushe, sannan a mayar da sabuwa da maganin ruwa a cikin kwaɓin. Abin da na ga samari suna yi yanzu, su manna tayil a jikin bango mai laima wai sun yi maganinsa, gyaran gangar Auzinawa ne. Ruwan bai tafi ko'ina ba, hawa zai yi ya ɓullo ta saman tayil ɗin. In kuma bangon na ƙasa ne, siminti ba ya kama shi haka kawai, sai an buga ragar waya da ƙusa. Yadda ake kwaɓi da yadda ake ɗaukar lebur ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara yana riƙe mini cokali bai san wannan ba gara ya koma sayar da rake.

Mai famfo da mai wayarin su shigo su gama fashe-fashensu kafin filasta, a saki ruwa a bututun ya kwana a ga ko yana zuba. Tsohuwar wayar da ke cikin gidan a zare ta, ba da firji da hita da dutsen guga aka yi lissafinta ba, ga shi a sanyin Disamba kowa a Jos ruwan zafi yake nema. Kuma na san halinku, zai ce falo ya yi ƙanƙanta a fasa bango a haɗe da ɗaki. Kar wanda ya ɗaga guduma sai na ga abin da bangon yake ɗauke da shi. In ƙarin ɗaki zai yi ko bene, wannan sai da izinin JMDB, hukumar raya birnin Jos, kar ya gama a zo a shafa masa jan fenti na rusau.

In kuɗin sun ƙare a nan, sun ƙare a inda ya dace. Ya gyara ɗaki ɗaya da banɗaki tsaf, a goge daɓen falo a shimfiɗa leda, amarya ta tare. Mu da haka muka fara, ba wanda ya mutu. Tayil ma a sanyin garin nan sai ka sa kafet a kansa kafin ka iya taka shi da asuba. Amma ku yaran yanzu ba gidan zama kuke ginawa ba, na ɗaukar hoto kuke yi. Kowa ya buɗe TikTok ya ga fitilu masu launi a silin sai ya ce shi ma haka, ba mai tambayar abin da ke bayan silin ɗin. Kai ma ina lura da kai, in ana POP jikinka har rawa yake yi, in na ce ka shiga rami ka duba fandisho sai fuska ta canza.

In ni yake so in yi aikin, sharaɗina tun daga kan wancan mutumin bai canza ba, ko ɗan'uwana ne. A rubuta komai, har abin da na ce a yi aka ƙi, ya sa hannu, shaidu biyu su sa, ɗaya daga wajensa. Kaya shi zai saya da kuɗinsa, sunana ba ya sake karɓo wa kowa bashi. Kuma ba na yanke jinga har da kuɗin kaya a ciki, ka ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, 'yan jinga nawa ne suka shiga uku. Kuɗin aiki kashi-kashi: a gama rufi a biya, a gama bango a biya.

Gobe ka riga ni zuwa wurin aiki ka shayar da filastar da muka yi, iskar nan tana busar da ita kafin ta kama. Ruwa sosai, ba yayyafin da ka yi shekaranjiya kana latsa waya ba.