Corolla ko Camry, kuma ijara ko biyan dillali: amsa ga ɗan'uwanmu

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko ka ɗauki Corolla mai inji lita 1.8 ko Camry mai lita 2.4, da kuma ko ijarar banki, wato hayar mota daga banki har a mallaka maka ita, ta fi biyan kaɗan-kaɗan a hannun dillali. Na hau dukansu biyun shekaru da dama a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Yauri ta Jega, kuma a ganina tambayoyin nan biyu a haɗe suke, domin kuɗin mai da kuɗin wata aljihu ɗaya suke ci.

Babu shakka Camry ta fi ƙarfi, kuma za ka ji hakan idan ka zo wuce tirela da mutum biyar a ciki ga na'urar sanyi a kunne. Sai dai injinta mai suna 2AZ-FE na ƙirar 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai idan ya kwana biyu. Tawa sai da na riƙa ajiye galan a but. Corolla mai injin 2ZR-FE ba ta da wannan ƙarfin, amma shan fetur ɗinta kaɗan ne, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan bambanci ya zama abin lissafi sosai. Kowacce ka zaɓa, ka je da bakanikenka da sassafe kafin a tada injin, ya duba hayaƙi da lagireto, domin zafin Maris da Afrilu a Kebbi ba ya rufa wa inji asiri.

Batun yarjejeniya kuwa, a nan na taɓa ƙonewa. Wani dillali ya ba ni mota bisa biyan wata-wata, na ba da kafin alƙalami mai tsoka, ban kula da sharaɗin da ya ce idan na yi jinkirin wata biyu zai karɓe motarsa ba tare da mayar da komai ba. Albashi ya makara, da ƙyar dattawa suka shiga tsakani.

Saboda haka ka fara tambayar mallakar wa ce motar kafin a gama biya. A ijara, wadda bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suke yi, motar ta banki ce, kai ɗan haya ne har sai an mallaka maka, kuma a ƙa'idar fiƙihu takaful, wato inshorar Musulunci, da babban gyara suna kan mai ita. A murabaha kuwa, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba sananniya, taka ce tun ranar farko, farashin bashi ne tsayayye. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, ka ɗora kuɗin man wata a kai, ka kuma tantance takardun kwastam kafin ka sa hannu. Idan albashi ne kaɗai madogararka, Corolla nake ba ka shawara.