Amsa ga Kawu: Lambun Haya da Ƙuri'ar Watan Mayu

Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kun tambaya ko da gaske ne muna riƙe fartanya a Ingila, kuma kun ce me ya haɗa baƙo da zaɓen masu gari. Tambayoyin biyu a wajenmu haɗe suke, bari ku ji dalili.

Yawancin Hausawan ƙasar nan a manyan birane suke, irin su Landan da Manchester da Birmingham. Mu da aikin asibiti da gidajen kula da tsofaffi ya kawo ƙauyukan gabashin ƙasar ba mu da yawa, gida ɗaya nan, gida biyu can. Abin da ya fi haɗa mu bayan Juma'a da suna shi ne lambu. Akwai filin da majalisar ƙauye ke yankawa ta ba mazauna haya shekara-shekara, cikakken yanki kimanin murabba'in mita 250, ko da yake yanzu rabi ake yawan bayarwa saboda masu jiran layi. Dokar da ta ɗora wa majalisu wannan nauyi tun 1908 take.

Ku manoman gida ruwan sama kuke jira. Mu ruwa ya ishe mu, ɗumi muke jira. Ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshen Maris, rana ta fara tsawo, maƙwabta su binne dankalin Turawa da albasa. Namu kayan kuwa ba sa fita waje sai tsakiyar Mayu ta wuce, domin jaura ta dare ɗaya tana iya ƙone shukar wata biyu. Shi ya sa duk gidan Bahaushen da kuka shiga a Afrilu za ku tarar da bakin taga cike da robobin yogot an huda gindinsu, attarugu da gauta da tumatir sun fito da ganye bibbiyu suna karkata wajen haske, uwargida tana juya su kowace safiya don kada su tanƙware. Alayyafo ba ya ba mu wahala. Kuɓewa sai cikin rumfar leda, a can ma yanga take yi. Yakuwa tana ba da ganye sosai, amma ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuma sanyi ya riga ya kawo kai, don haka zoɓo a kanti muke saye. Zogale a tukunya yake zama, a shigo da shi ɗaki da hunturu. Wanda irinsa ya yi kyau yakan raba dashe, kuma ba a karɓar kuɗi a tsakaninmu, abin kunya ne. Ranar Asabar mukan yi gayya a lambun wanda aikin dare ya hana shi kaftu.

To, Kawu, kuɗin hayar lambun nan, da famfon ban ruwa, da wanda za a ba fili in wani ya bari, duk kansilolin ƙauye ne ke yanke su, kuma zaɓensu ake yi duk shekara huɗu. Kwasar shara da gyaran ramukan titi da tallafin motar bas da ke kai tsofaffi gari suna hannun majalisun da ke sama da su. Mutumin da yake biyan harajin gida kowane wata ba baƙo ba ne a wannan magana. Doka ma ba ta ɗauke mu baƙi ba: ɗan Nijeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama yana da ƙuri'a, saboda ƙasashensu na cikin ƙungiyar Commonwealth. 'Yan uwanmu na Nijar ne sai sun karɓi takardar zama 'yan ƙasa.

Zaɓen ƙananan hukumomi Alhamis ɗin farkon Mayu yake faɗowa. Ba hutu, ba hana zirga-zirga. Rumfa tana buɗe daga 7 na safe zuwa 10 na dare, a ɗakin taron ƙauye ko makaranta ko coci. Ka nuna katin shaida mai hoto, wanda aka fara nema tun 2023, a ba ka takarda da fensir, ka yi alama ka jefa. 'Yar takara da kanta take zagayawa gida-gida. Wata ta same ni a lambu da takalmin roba, ta tsaya tana amsa tambaya a kan famfon da ya lalace. Ko biskit ba ta miƙo ba, domin ciyar da mai zaɓe don neman ƙuri'arsa laifi ne a doka.

Kada ku ɗauka komai lafiya lau ne. Maganar baƙin haure da ta masu shigowa aiki ta yi zafi, kuma a zaɓen Mayun 2025 jam'iyyar Reform, wadda ta fi kowa ɗaga murya a kai, ta karɓe majalisu 10. Wasu cikin masu zaɓenta su ne maƙwabtanmu a lambu, masu ara mana baro, mu ba su yaji. Wannan yana damuna ƙwarai. Abin da ya fi damuna kuma shi ne namu da ke cewa zaɓen Turawa ne, ba ruwansu, alhali suna iya kwana suna muhawara a WhatsApp kan siyasar Kano da Abuja, inda ba su da damar jefa ƙuri'a daga nan. 'Ya'yanmu a makarantun nan suke, kuma idan ana neman filin maƙabartar Musulmi ko izinin gina masallaci, gaban waɗannan kansiloli ake zuwa. Kansila kuwa ya san unguwar da ke fitowa zaɓe.

Saboda haka bana, duk wanda ya zo karɓar dashen attarugu a gidana sai na tambaye shi ko ya yi rajista, in bai yi ba mu cike ta a waya nan take kafin a rufe. A gaida Inna da yara, kuma ku sanar da ni idan ruwan shuka ya sauka.